Wallace, BDF ko Robertson: wanne za ka saya, wanne za ka sauke kyauta

Salama 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu da ya ce ya gama Helenancin Sabon Alkawari na shekarar farko da littafin Mounce na masu fara koyo, yanzu malaminsu ya ce kowa ya nemi babban littafin nahawu kafin a shiga fassarar wasiƙar Romawa, kuɗinsa kuma na guda ɗaya ne kacal, shin Wallace zai saya ko BDF, wato nahawun Blass da Debrunner da Funk, ko kuwa ya haƙura da Robertson da ake samu kyauta a intanet. To ɗan'uwa ga nawa ganin. Sayi Wallace, ka sauke Robertson, BDF kuma ka riƙa leƙa shi a laburare. Bari in faɗi dalili don kar ka ce na yanke maka hukunci haka kawai.

Wallace ɗin nan, wato Greek Grammar Beyond the Basics na Daniel Wallace, Zondervan ne suka buga shi a 1996, ya haura shafi 800. Don ɗan aji aka rubuta shi, shi ya sa in ya kawo aya zai rubuta ta da Helenanci ya sa fassarar Turanci a ƙarƙashi, ya yi maka bayanin yadda za ka gane abin in ka gamu da shi a wani wuri, har ma akwai 'yar kibiya da yake sawa a gefen abubuwan da suka fi yawan fitowa don ka san inda za ka fara zuba ƙarfinka. BDF kuwa ba ruwansa da wannan lallashin. Asalinsa na Jamusanci ne, Friedrich Blass ya fitar da shi a 1896, Albert Debrunner ya yi ta gyara shi, sai Robert Funk ya mayar da shi Turanci jami'ar Chicago ta buga a 1961. Bai kai rabin Wallace kauri ba amma kar wannan ya ruɗe ka, za ka ga doka a layi uku da manyan baƙaƙe, sai ƙananan baƙaƙe su biyo baya cike da ayoyi da gajerce-gajercen sunaye, yawancin misalan ba fassara, kuma ya ɗauka tun farko ka san Helenancin mutanen Atina na da, sai ya ce maka abu kaza ya saɓa da na da ya wuce abinsa, kai kuma na da ɗin ma ba ka taɓa gani ba.

Ɗauki 2 Korantiyawa 5:14, inda aka ce ƙaunar Almasihu. Ƙaunar da yake mana ce ko wadda muke masa? Wannan matsalar jenitif ce, sigar mallaka, kuma za ka sha karo da ita a Romawa 3:22 da Galatiyawa 2:16 kan bangaskiyar Almasihu, inda masana har yau ba su daina ja-in-ja ba. In ka buɗe Wallace zai zaunar da kai ya jero maka hujjar wannan ɓangare da ta wancan sannan ya faɗi inda ya karkata, a ta Korantiyawa ma yana ganin ma'anar biyu za su iya zama tare. BDF zai tura ka sashe na 163, ka karanta cikin minti biyu, ka sake karantawa sau uku kafin ka kama. Robertson kuma zai ce maka sigar ita kaɗai ba ta raba gardama, sai abin da ke kewaye da ayar, amma kafin ya kai nan ya zaga da kai tarihin harshen.

Wallace ma yana da nasa. Ya rarraba jenitif gida 33, ɗalibi sai ya koma haddar sunaye yana liƙa wa kowace kalma lakabi kamar mai shagon magani yana jera kwalabe, ya manta cewa Bulus bai zauna yana zaɓen gida na goma sha bakwai ba lokacin da yake rubutu. Kuma mutum ne mai ra'ayin tauhidi a fili, a Dallas Theological Seminary ya yi koyarwa, in ka karanta dogon bayaninsa kan Yohanna 1:1 ko Titus 2:13 za ka ga malamin nahawu da mai kare koyarwa sun haɗu a mutum ɗaya. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, sai dai ka san da shi in za ka kafa hujja da shi a gaban wanda ba ku yarda da abu ɗaya ba.

To me ya sa ba za ka watsar da BDF gaba ɗaya ba? Saboda manyan littattafan sharhi shi suke ambata. Kana cikin karatu sai ka ga BDF da alamar sashe da lamba, in ba ka da inda za ka duba ka tsaya ke nan. Amma dubawa ce ta minti biyar, ba littafin da za ka kwana da shi ba ne a wannan matakin, in kana kusa da laburaren makarantar tauhidi irin su JETS a Jos ko TCNN a Bukuru ka fara tambaya a can.

Yanzu maganar waya da kwamfuta, wadda na san ita ce ainihin damuwar yawancinmu don dala ba ta wasa. A Grammar of the Greek New Testament in the Light of Historical Research na A. T. Robertson ya fito a 1914, bugunsa na baya-baya ya haura shafi 1,400, haƙƙin mallakarsa ya ƙare don haka halal ne ka sauke shi a archive.org. Sai dai hoton shafuka ne aka ɗauka, in ka rubuta kalmar Turanci a wurin bincike za ta iya fitowa, in Helenanci ne kuwa sai ka ga inji ya karanta baƙaƙen ya mayar da su shirme, ba abin da zai fito. Dabarar ita ce ka tafi can ƙarshen littafin inda aka jera ayoyi daga Matiyu zuwa Wahayi, ka nemo ayarka ka ɗauki lambar shafi, kuma ka lura lambar da PDF ke nunawa ba ita ce ta littafin ba saboda doguwar gabatarwa, sai ka lissafa bambancin sau ɗaya ka rubuta a takarda. A waya kam wahala ce, kana ja kana matsewa da yatsa biyu, gara laftof ko tablet. Wani abin da ke rikita sababbi, Mounce da Wallace sigogin suna irin su jenitif guda biyar suke koyarwa, Robertson takwas, don haka abin da ka sani a jenitif mai nuna rabuwa shi yana can ƙarƙashin ablatif, datif kuma, sigar wanda aka yi wa abu, ya tsaga shi uku. Sannan Robertson ya rasu tun kafin muhawarar da Stanley Porter a 1989 da Buist Fanning a 1990 suka tayar kan yadda aikatau na Helenanci ke aiki, Wallace ya taɓo ta, Robertson da BDF kuwa babu.

Wallace da BDF duk suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ana sayar da su a manhajojin nazarin Littafi Mai Tsarki, Logos da Accordance. Amfanin sayen na manhaja shi ne ka taɓa aya ta buɗe nan take, ka nemi duk inda littafin ya ambaci Romawa 5:1 ya jero maka, kuma in ka sauke shi sau ɗaya ko ba data zai buɗe. Logos yana riƙe lambar shafin bugun takarda, wannan kuwa zai cece ka ranar da sufabaiza ya ce ina shafi. BDF da lambar sashe ake ambatarsa, shi ba shi da wannan matsalar ko a ina ka karanta. Matsalar ita ce biya da dala, wani lokaci katin naira ya ƙi, sai ka nemi wanda zai biya maka. PDF ɗin Wallace da ke yawo a WhatsApp kuma don Allah kar a turo mana shi nan, marubucin da kamfanin ba su bayar ba.

In kuɗin bai kai babban Wallace ba akwai taƙaitaccensa, The Basics of New Testament Syntax na 2000, tsarin ɗaya ne an dai rage dogayen bayanan ayoyi, waɗanda a gaskiya su ne daɗin littafin. Ka haɗa da nahawun Smyth na 1920 da ke kyauta a shafin Perseus, shi zai ba ka Helenancin da ɗin da BDF ke ɗauka ka sani, in kuma aikinku ya taɓa fassarar Tsohon Alkawari ta Helenanci to ɗan ƙaramin nahawun Conybeare da Stock na 1905 ma kyauta ne a shafin CCEL na intanet. Kafin ka biya komai dai ka tambayi malaminku wanne zai riƙa ba da aikin gida daga ciki, in ya ce shafi kaza na babban Wallace, taƙaitaccen ba zai yi maka ba don lambobin shafinsu ba ɗaya ba ne.