Kare zuciya daga ƙarancin isar jini: allurar adenosin ko ɗaurin hannu?

Idan jinin da ke isa tsokar zuciya ya yi ƙaranci, kamar lokacin da jijiya ta toshe, ƙwayoyinta kan saki sinadarin adenosin, wanda yake buɗe jijiyoyi, ya kuma rage saurin bugun zuciya domin ta rage buƙatar iskar oksijin. Likitoci sun nemi cin moriyar wannan kariya ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce allurar adenosin ta jijiya. Ƙarfinta yakan gushe cikin ƙasa da daƙiƙa 10, tana haddasa matsewar ƙirji da zafin fuska, kuma tana da haɗari ga masu asma. Wani gwaji da aka yi a kan masu ciwon zuciya, mai suna AMISTAD-II, na 2005, bai nuna ta rage mace-mace ba.

Ta biyu ita ce a hura robar awon hawan jini a damtse na minti 5, a sake ta, a maimaita, domin jiki ya tayar da kariyarsa da kansa. Wannan ta fi dacewa da mu, domin da wuya a sami asibitin da ba shi da wannan roba, daga Tudun Wada har Shika a yankin Zariya. Sai dai wani babban gwaji na 2019 a Turai bai nuna amfaninta ba. A ganina, mai ciwon ƙirji ya hanzarta zuwa asibiti a buɗe masa jijiyar da ta toshe.