Kusurwar ciki ko ta waje: wace hanya yarinya za ta bi?

Hajiya, tambayar da aka ba 'yarki ta SS2 ita ce: akwai foligon, wato siffa mai gefuna da yawa, uku daga kusurwoyinta na ciki digiri 100, 110 da 120 ne, sauran kuma kowacce digiri 165. Gefenta nawa? Kin ce malamin makarantarsu a nan Katsina ya bi ta jimillar kusurwoyin ciki, mai yi mata lesin da yamma kuma ya bi ta 360, yarinya ta rasa wa za ta kama. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Duk su biyun 13 za su samu. Bambancin yana wajen wahalar da za a sha kafin a kai.

Malamin makaranta ya dogara ne da ƙa'idar da ke cewa jimillar kusurwoyin ciki ita ce (n − 2) × 180, inda n ke nufin yawan gefuna. Ƙa'idar ba daga sama ta faɗo ba. Idan aka tsaya a kusurwa guda aka ja layuka zuwa sauran, siffar za ta tsattsage zuwa alwatika, kuma kullum yawan alwatikan yana gaza yawan gefuna da biyu. Kowace alwatika digiri 180 gare ta, abin da Yuklid ya tabbatar a Iskandariya tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). To a tambayarmu, ukun da aka sani sun haɗu 330, saura kusurwa n − 3 masu 165. Sai a rubuta:

330 + 165(n − 3) = 180(n − 2)

A buɗe baka: 330 + 165n − 495 = 180n − 360. A tattara: 195 = 15n. Ke nan n = 13.

Lissafin daidai ne, amma ramuka ne a cikinsa. Ga n − 3 a hagu, ga n − 2 a dama, yaro mai gaggawa yakan mai da su abu ɗaya. Ga 165 sau 3. Ga alamar debewa da ke sauya fuska idan lamba ta tsallaka. A takardun da nake dubawa, yawancin waɗanda suka faɗi wannan tambaya sun san ƙa'idar sarai, a wajen buɗe baka ƙafarsu ke zamewa.

Mai lesin kuwa ya fita waje ne. Kusurwar waje ita ce abin da ya rage idan an cire ta ciki daga 180, kuma jimillarsu 360 ce ko gefen siffar uku ne ko dubu. Dalilin yana da sauƙin gani. A ce mutum ya tashi daga Ƙofar Ƙaura ya bi layin tsohuwar ganuwa, ya wuce sauran ƙofofi, yana karya kwana duk inda ganuwar ta karya, har ya dawo inda ya faro yana fuskantar inda ya fuskanta da farko. Duk karkatar da ya yi, manya da ƙanana, idan aka haɗa su juyi ɗaya ne cur, digiri 360. Kowace karkata ita ce kusurwar waje.

Saboda haka 100 ta koma 80, 110 ta koma 70, 120 ta koma 60. Sun ci 210. Abin da ya rage a cikin 360 shi ne 150. Sauran kusurwoyin kowacce wajenta 180 − 165 = 15. A raba 150 da 15, an samu 10. A ƙara ukun farko, 13. Da ka ma ana iya yinsa. Rami ɗaya ne a nan, amma mai zurfi: yaro ya ga 10 ya yi murna ya ajiye biro, ya mance da ukun da ya ware tun farko. Masu shirya tambayoyin zaɓi kuwa sun san da wannan, kada ta yi mamaki idan ta ga 10 zaune a cikin amsoshin tana jiranta.

Ni a wannan tambaya ina bayan mai lesin, ba tare da wani kwana-kwana ba. Duk lokacin da yawan gefuna ne ake nema, a bi ta waje, domin 360 ba ruwanta da n, ita kuwa jimillar ciki tana jawo n ɗin da ba a sani ba cikin lissafi. A takardar zaɓi ta WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ko minti biyu ba a samu a kan kowacce ba, babu lokacin kokawa da baka.

Sai dai kada ta raina hanyar malamin makaranta. Idan an riga an faɗi yawan gefuna, ita ce gajeriya. Misali siffa mai gefe biyar da kusurwoyi 2x, 3x, 3x, 3x da 4x: jimilla 540, wato 15x = 540, x = 36, an gama. Wanda ya ce sai ya bi ta waje a nan zai cire kowacce daga 180 har sau biyar, ya ƙara wa kansa aiki a banza.

Akwai kuma inda hanyar waje ke iya ruɗa yaro, wato siffar da ta lotsa ciki. Ɗauki fili mai siffar harafin L, irin wanda ake samu idan maƙwabci ya ci kwana ɗaya. Gefensa shida, kusurwa biyar masu 90, ɗaya mai 270. Ta ciki: 450 + 270 = 720, daidai da (6 − 2) × 180, babu gardama. Ta waje kuwa biyar ɗin sun ba da 450, sun zarce 360. Sai an gane cewa a wurin lotsawar mutum baya-baya ya karkata, 180 − 270 ya ba da −90, sannan lissafi ya dawo 360. Ɗan SS2 da ba a nuna masa wannan ba zai ɗauka ƙa'idar ce ta yi ƙarya.

A takardar rubutu, kowace ta bi za a ba ta makinta muddin ta nuna matakan, don haka kada ta rubuta 13 tsirara. In lokaci ya rage ta gwada amsar da ɗaya hanyar: 11 × 180 = 1980, haka kuma 330 + 1650 = 1980.

Ki ba ta wannan ta gwada yau da dare: kusurwa huɗu masu 130, sauran masu 160. Amsar 12 ce. Idan ta kawo miki 8, ki tambaye ta ina ta baro huɗun.