Jita mai kogo ko ta lantarki: wacce mai koyo zai fara saya?

Mutane da yawa sun ɗauka sai an ƙware a jita mai kogo kafin a taɓa ta lantarki. Ba haka ba ne. Dukansu tsirkiya 6 gare su, kuma abin da yatsu suka koya a ɗaya shi za su yi a ɗayar.

Mai kogo ba ta neman komai. Ka ɗauko ta, ka daidaita sautinta, sai kiɗa. Jikinta na katako shi ke fitar da amo. Matsalarta dai tsirkiyarta ta ƙarfe mai kauri ce, makonnin farko kan yatsunka zai yi raɗaɗi kafin ya yi kanta. Mai tsirkiyar leda ta fi taushi, sai dai wuyanta ya fi faɗi.

Ta lantarki kuwa sauƙin dannawa gare ta, amma ba amfilifaya (na'urar ƙara sauti) da wayar haɗa su, da ƙyar za ka ji ta. Sai ka haɗa kuɗinsu cikin lissafi. Ga wata fa'ida: ka saka abin saurare a kunne, ka yi ta kiɗa da dare, maƙwabta na barcinsu.

A masu araha, Yamaha F310 ta yi suna cikin masu kogo, Yamaha Pacifica da Squier a ɓangaren lantarki.

Ni dai idan aljihu ya yi ƙunci, mai kogo zan ɗauka. Amma kafin ka biya, dubi tsirkiyar daga gefe. In ta yi nisa da wuyan jitar har dannawa na neman ƙarfi, ajiye ta ka gwada wata.