Wata takwas ina jera sauti a Reaper: ga abin da na gani

Amshi ne ya kai ni ga Reaper, manhajar naɗar sauti da gyara shi a kwamfuta. Na naɗi muryoyi huɗu a kan baiti ɗaya, kowacce da daɗinta, amma da na haɗa su sai haruffan "t" da "s" suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗigon indararo. Manhajar da nake aiki da ita a da, gefen guntun sauti kaɗai take iya mannawa a layin awo, wato layukan da ke nuna lokacin kiɗa a allo. To ai gefen ba shi ne sautin ba. Mawaƙi yakan ja numfashi kafin ya buɗe baki, kuma numfashin nan yana cikin guntun.

A nan ne wannan manhaja ta kamfanin Cockos, wadda ta fito a 2006, ta burge ni. A kusurwar hagu ta ƙasan kowane guntu akwai wani ɗan alwatika. Ka ja shi ka ajiye daidai inda kalmar ta fara, shi ke nan, daga lokacin shi ne zai riƙa kama layi, numfashin kuma yana nan ba ka yanke shi ba. Madannin Tab kuwa yana tsallaka da kai daga bugu zuwa bugu, ba sai ka yi ta ƙura ido kana lalube ba.

Inda na fi jin daɗinta shi ne aikin makirufo biyu. Na ɗauki gita da guda biyu, ɗaya kusa, ɗaya baya kaɗan, sai sautin ya fito a rame kamar daga cikin bututu. Dalili a fili yake: sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato tazarar santimita 34 na jawo jinkirin milisakan ɗaya, wanda ya isa ya cinye amon da ke wajen 500 Hz. Linzamin kwamfuta ba zai gyara wannan ba, hannu ya yi masa kauri. Sai na danna N, akwatin matsarwa ya buɗe, na riƙa gusar da guntun ƙwaya-ƙwaya, wato da mafi ƙanƙantar awon da ake naɗar sauti da shi. A naɗin 48 kHz, ƙwaya 48 ce milisakan guda. Dabarar da ta fisshe ni: na kifar da igiyar sautin makirufo ɗaya, samanta ya koma ƙasa, na yi ta matsarwa har sautin ya kai maƙurar ramewa, sannan na mayar da ita daidai. Wallahi gitar ta ciko har sai da na rage mata ƙarfi.

Akwai kuma alamomin miƙa sauti, masu ja ko matse kalma ɗaya a tsakiyar jimla. Suna aiki, amma in ka ja da yawa kunne zai ji muryar tana rawa, don haka kaɗan nake taɓawa.

Kuskuren da na yi da farko nawa ne: na ɗaure kowane bugun ganga a kan layi, kiɗan ya mutu murus. Yanzu in na riƙe Shift ina ja, mannewar takan sake ni, in bar bugun a ɗan bayan layi inda makaɗin ya nufa. Amshin nan kuwa, a kan babbar murya na jera shi, ba a kan layi ba, kuma "s" ɗin huɗun yanzu tare suke sauka.