Keke ko gudu: amsa ga Yaya da ya ce gwiwa ta hana shi rage ƙiba

Yaya, na ga tambayarka. Ka ce nauyinka ya kai kilo 120, shekarunka sun haura 40, ka gwada bin 'yan gudun safiyar Lahadi sau biyu, gwiwa ta kwantar da kai. Kana so ka san ko ka daure ka ci gaba da gudun, ko ka sayi keke. Ni ma na bi ta wannan hanya, shi ya sa ban iya yin shiru ba.

Mu fara da gwiwar, don ita ce mai yanke hukunci. Duk lokacin da mai gudu ya dire ƙafa, nauyin da ke sauka a kanta yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. A wurinka, kusan kilo 300 ke nan a kan ƙafa ɗaya, taki bayan taki, a kan kwalta. Gwiwar da ba ta saba ba dole ta yi ƙara. A kan keke kuwa, sirdi ne ke ɗauke da yawancin nauyin, ƙafa juyawa kawai take yi ba tare da duka ba. Zuciya da huhu suna aikinsu, gaɓoɓi suna cikin sauƙi. A nan keke ya yi wa gudu fintinƙau, ba na ko shakka.

Idan aka zo ƙona kitse a cikin awa guda, gudu ne a gaba. Mutum mai nauyinka zai iya ƙona wajen kalori 900 a awa ɗaya na sassarfa, keke a matsakaicin gudu wajen 700, tafiyar ƙafa mai sauri 400 da ɗan wani abu. Amma ka tambayi kanka, yau za ka iya awa ɗaya kana gudu? Ni a lokacin minti 10 ma ban iya ba. Keke kuwa a mako na uku na riga na kai minti 45, na sauka da sauran ƙarfin zuwa kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Mai jiki irin namu ya fi saurin cika wannan adadi a kan keke, saboda gobe ma zai iya fita.

Gudu da tafiya suna da nasu abin da keke bai da shi. Suna ƙarfafa ƙashi, tunda ƙashi sai ya ɗauki nauyi yake ƙara ƙwari. Ba sa cin kuɗi sai na takalmi. Kuma mai zagaya filin Kawukudi na Accra da ƙafa ba ya fargabar trotro, wato ƙananan bas-bas na haya.

Wannan na ƙarshen shi ne babban aibin keke a Accra, kuma ba zan ɓoye maka ba. Titin Nima da rana ba wurin koyon keke ba ne: trotro na tsayawa inda ya ga dama, 'yan okada na kutsawa, ga kwata a buɗe a gefen hanya. Lokacinmu shi ne bayan sallar Asuba, musamman Asabar da Lahadi, kafin rana ta ɗaga. Daga Mamobi ka gangara layukan Roman Ridge ko Airport Residential, akwai inuwa, motoci kaɗan ne. In ka ƙware, ka miƙa Legon. Hawan Ayi Mensah zuwa Peduase da kake ganin jama'a na tururuwa a kansa ranar Asabar, ka bar shi tukuna. Hawan dutse shi ne inda nauyi ya fi nuna kansa, gangarowa kuma mai nauyi ya fi kowa gudu, birki ne ke shan wahala. Hular kwano da fitila gaba da baya ba ado ba ne, ka sa su cikin lissafin kuɗin keken tun farko.

Yanzu keken kansa. Kada kyan keken tsere mai siraran taya ya ja ka. Zamansa a sunkuye ne, tumbi zai tokare maka numfashi, baya da wuyan hannu su yi ciwo, ramin farko kuma zai iya lanƙwasa wilin. Nemi mai kaurin taya irin na hawan dutse, ko matsakaicinsa wanda ake zama a miƙe, tayar ta kai faɗin milimita 35 ko fiye. Kamfanoni da yawa suna ƙayyade nauyin da kekensu zai ɗauka tsakanin kilo 125 zuwa 136, har da keken da kayan da ke kai, don haka kana kusa da iyaka. Jikin keke ba kasafai yake karyewa ba, wilin baya ne ke fara gazawa. In ka je wurin masu sayar da na hannu, ka tsuguna ka ƙirga wayoyin wilin: 36 ya fi, 32 zai yi, ƙasa da haka ka wuce. Ni na yi kuskuren nan, na sayi mai sheƙi ban ƙirga ba, cikin wata ɗaya wayoyi uku suka tsinke. Ka tabbata yana da giya mai sauƙi, ka riƙa juya feda da sauri a sassauƙar giya maimakon dannawa da ƙarfi a mai nauyi. Sirdi kuma a ɗaga shi har ƙafarka ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa yana jawo ciwon gaban gwiwa, mutum ya ɗora wa keke laifi. Mazaunai za su yi tsami mako biyun farko, wannan kowa ya sha shi, yana wucewa.

Sai maganar da ta fi min muhimmanci. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da wajen kalori 7,700. Minti 45 a kan keke sau 4 a mako zai ƙona maka wajen 2,000. Ka ga in ba ka taɓa abincinka ba, kusan wata guda ke nan kafin kilo ɗaya ya sauka, in ma ba ka ƙara loma saboda yunwar da keken ke jawowa ba. Kwalbar lemo mai rabin lita tana da sukari fiye da giram 50, kalori sama da 200, kusan rabin wahalar safiyarka. Na sha ganin 'yan'uwa sun yi zufa tun Asuba, su dawo su zauna gaban tuwon shinkafa mulmula huɗu da miyar gyaɗa, a kora da lemo mai sanyi, sannan su karaya don sikeli bai motsa ba. Abin yana ba ni tausayi, domin ƙoƙarinsu na gaske ne. Ban ce ka bar waakye, shinkafa da waken nan tamu, ba. Ka ci, amma a rage taliya da garin rogon da ake zubawa a kai, a ƙara ganye da ƙwai. Kokon safe a rage masa sukari, ƙosai huɗu maimakon takwas.

Kada ka sa wa ranka kilo 40. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka, wato kilo 6 zuwa 12, ya isa ka ga canji a hawan jini da suga. Kowane kilo ɗaya da ya tafi yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taki. Daga nan ne za ka iya sake gwada sassarfa in har ranka na so.

Kafin ka fara, Yaya, ka je a auna jininka da suga. In kana shan maganin suga ka tambayi likita yadda za ka yi da fitar safe ba ka karya ba, kuma ka sa dabino a aljihu. Fara da minti 15 zuwa 20, sau 3 a mako, a gudun da za ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ya sarƙe ka ba. Ciwon ƙirji ko jiri, ka sauka nan take. Ranakun da ba ka hau ba, ka taka zuwa masallaci mai ɗan nisa. In ka samu keken da ya kwanta maka, kar ka biya tukuna, ka sanar da ni in zo mu duba wilin bayan tare.