Zaɓen masauki a Kosta Rika: fara zaɓen yanki kafin ka zaɓi ɗaki

Kosta Rika ƙasa ce ƙarama a Amurka ta Tsakiya, tsakanin Nikaragwa da Fanama, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 51,000 da ɗan ɗoriya ba, shi yasa in ka kalli taswira sai ka ce ai otal ɗaya zan kama a babban birni kullum na fita yawo na dawo. To kar ka fara. Ƙasar duwatsu ce, hanyoyin 'yan sirara masu kwana-kwana, tafiyar da ka yi wa lissafin awa biyu sai ta cinye maka huɗu, kuma wajen ƙarfe shida na yamma duhu ya shigo duk shekara. Saboda haka masauki biyu ko uku za ka kama, kuma abin da za ka duba a ɗakin bakin teku daban yake da na kan dutse.

San Hose, babban birnin ƙasar, dai kwana ɗaya ya ishe ta, na sauka ko na tashi. Babban filin jirgin ma, Juan Santamaría, ba a cikinta yake ba, yana Alajuela ne, don haka in jirginka na dare ne ko na asuba ka nemi ƙaramin otal a Alajuela mai motar ɗauko baƙi, ka huta da goslo. Wanda zai kwana cikin birnin kuma, Escazú unguwar masu hali ce da manyan otal, Barrio Escalante kuma wajen cin abinci. Amfani ɗaya da birnin yake da shi ga musulmi shi ne akwai masallaci, Masallacin Omar, in ka fita daga nan kuwa ka riƙe dardumarka da manhajar alƙibla kawai.

La Fortuna, gindin dutsen Arenal, kamar awa uku daga San Hose, nan ne zaɓin yake da ɗan rikitarwa. Kashi biyu ne: ɗakunan cikin gari, da manyan masaukai da ke jere a kan hanyar da ta nufi dutsen. Na cikin gari sun fi araha nesa ba kusa ba, musamman waɗanda suke kira cabinas, wato 'yan ɗakuna na iyali, gado da fanka da banɗaki shikenan, kuma da ƙafa za ka je kanti da ƙananan gidajen abinci da ake ce wa soda. Na kan hanya su ne masu ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, irin su Tabacón, kuɗinsu kuwa sai ka shirya. Lissafin da ya kamata mutum ya yi shi ne, shigan wajen ruwan zafin kuɗi ne mai kauri in ba a nan ka sauka ba, to in kai da iyali ne kuma kullum za ku shiga, wani lokacin otal mai nashi ruwan ya fi sauƙi a jimla, amma in sau ɗaya za ka tsoma jiki to zauna a gari ka sayi tikitin yini. Kuma kar ka ƙara ko sisi don an ce ɗaki yana kallon dutse. Arenal ya yi babban aman wuta a 1968, ya lafa tun wajen 2010, ba wata wutar dare da za ka gani yanzu, sannan gajimare yakan rufe kansa kwana da kwanaki.

Monteverde akasin haka ce, sama take sosai, wajen mita 1,400, ga iska ga yayyafi, sanyin dare kamar Jos a watan Disamba. Anan AC asarar kuɗi ce, abin tambaya shi ne ruwan wanka mai zafi da bargo. Garin da ake sauka sunansa Santa Elena, in baka da mota ka tsaya cikinsa, don masaukan cikin daji suna da kyau a hoto amma wasu hanyarsu tsakuwa ce da hawa, duk fita sai tasi. Daga La Fortuna akwai tafiyar mota, jirgin ruwa, mota ta tafkin Arenal, ta fi zagayawa daɗi.

Gwanakaste a arewa maso yamma ita ce yankin zafi da rana, tana da nata filin jirgin a Liberia (garin Kosta Rika fa, ba ƙasar su Monrobiya ba), in nan kaɗai za ka yi to sauka can kai tsaye. Nan ne ake da manyan otal masu haɗa ci da sha da kwana a farashi ɗaya, wajen Papagayo. Ni dai ban cika ba bahaushe shawarar irinsu ba, dalili kuwa cikin kuɗin har da giya ba iyaka, kai kuma ba sha za ka yi ba, ga naman alade a teburin abinci, ka biya abin da rabinsa ba naka ba ne. Gara ka kama gida ko fulat mai kicin ta Airbnb ko Booking, ka sayi kifi da shinkafa da ayaba ka dafa abinka. Tamarindo garin 'yan shaƙatawa ne, kiɗa har tsakar dare, mai yara ya duba Sámara ta fi natsuwa kuma ruwan tekunta ya fi kwanciya. A wannan yankin AC dole ce, musamman Maris da Afrilu. Kuma ka sani dokar ƙasar ta ce mita 50 na farko daga bakin ruwa na kowa da kowa ne, ba otal ɗin da ya mallaki gaɓar teku, to ba sai ka kwana a mai tsada ba kafin ka taka yashinsa.

Manuel Antonio, wani yanki mai gandun daji a gaɓar tekun Fasifik, abin lura ɗaya ne, yawancin otal ɗin a kan tudu suke tsakanin garin Quepos da gandun dajin, suna kallon teku amma ba a bakinsa suke ba, wasu matakala ne ba adadi, in da tsoho ko mai ciwon gwiwa a tafiyar a tambaya tun kafin a biya. Quepos ta fi araha kuma bas yana zirga-zirga a hanyar. Gandun baya buɗewa ranar Talata, tikiti kuma ta intanet ake saya, kar ka kama kwana ɗaya tak ya faɗo Talata.

Ɓangaren Karibiyan, su Puerto Viejo da Cahuita, ba manyan gine-gine, ɗakunan katako ne cikin bishiyoyi, fanka da gidan sauro, keke ake hawa. Akwai baƙaƙen fata da yawa a wannan lardin na Limón, jikokin 'yan Jamaika da aka kawo aikin titin jirgin ƙasa, da yawa suna jin Turanci, wanda baya jin Sifaniyanci zai samu sauƙi. Yanayinsu ma nasu ne daban, Satumba da Oktoba lokacin da ruwa ke ta zuba a ɓangaren Fasifik, su nan ne suke samun rana. Damshi ne matsalar, a karanta abin da baƙin baya suka rubuta kan warin ɗaki.

Sai wuraren da mota bata kai ka yadda kake so. Tortuguero sai jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama, ana zuwa kallon kunkurun teku suna ƙwai daga Yuli zuwa Oktoba. Drake Bay a yankin Osa mafi yawa ta kwalekwale ake shiga daga Sierpe, a ruwa ma ake sauke ka sai ka naɗe wando. A irin waɗannan wurare farashin masaukin daji zai baka tsoro, amma duba da kyau, yawanci ya haɗa da ɗauko ka da abinci sau uku, wani har da ɗan rakiya, kuma gandun Corcovado dama ba a shiga sai da ɗan rakiya mai lasisi. Tunda abincinsu kaɗai za ka ci, ka rubuta musu tun da wuri cewa baka cin cerdo, wato alade. A Oktoba wasu masaukan Osa rufewa suke saboda ruwa.

Maganar kuɗi, akwai haraji kashi 13 cikin ɗari da wasu basa sawa a farashin farko, tambaya ko an haɗa. Dala tana karɓuwa kusan ko'ina duk da kuɗinsu kolon ne. Tsada tana tashi daga Disamba zuwa Afrilu, ta fi ƙamari a satin Kirsimeti da sabuwar shekara da satin Ista lokacin da 'yan ƙasar ma kowa ya nufi teku, wannan sai ka kama ɗaki da watanni. Mayu da Yuni farashi ya sauka kuma sau da yawa sai la'asar ruwan ke zuwa. In hostel, wato masauki mai araha da baƙi ke raba ɗaki, za ka kwana don tsimi, yawancin ɗakunan taron maza da mata ne a haɗe, ka nemi ɗaki na kai kaɗai ko na mata zalla. Adireshi kuma basu cika amfani da lambar gida ba, sai dai a ce mita 200 arewa da coci, don haka ka ce mai masaukin ya turo maka wurin ta WhatsApp ka buɗe da manhajar nuna hanya ta Waze. Mai tasowa daga Najeriya ya tafi da katin allurar shawara, suna tambayarsa.