Shagon kekunan tsere na kwatano a Sakkwato: abin da na tarar

Ɗiyata ce ta matsa mini a kan keken tsere tun ranar da ta ga hoton Lisa Brennauer, Bajamushiyar da aka haifa a garin Kempten a shekarar 1988, wadda ta yi suna a tseren kan titi da kuma tseren cikin zaure. Wannan ya kai ni wani ɗan shago da ke kusa da Tsohuwar Kasuwa, inda ake sayar da kekunan kwatano da aka shigo da su daga Turai, ana kuma gyara su a nan ƙofar shagon.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai shagon bai yi gaggawar karɓar kuɗina ba. Da na nuna masa hoton na ce irin wannan muke so, sai ya ce, "Alhaji, wannan ba na hanya ba ne." Ya bayyana mini cewa keken cikin zaure ba shi da birki, giyarsa guda ce, kuma muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa. A kan irinsa ne Brennauer da Franziska Brauße da Lisa Klein da Mieke Kröger suka ci zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, inda suka cinye kilomita 4 cikin minti 4 da daƙiƙa 4 da ɗan ɗoriya, suka kafa tarihin da duniya ba ta taɓa gani ba a lokacin. A kan katako mai santsi aka yi wannan gudu, babu ɗan acaba, babu akuya mai tsallaka titi. Keken da ya dace da mu, in ji shi, shi ne mai birki da giya da yawa, dangin wanda Brennauer ta hau a Ponferrada ta ƙasar Sifaniya a 2014, lokacin da ta zama zakarar duniya a tseren da kowace mace ke fafatawa da agogo ita kaɗai.

Mun sayi na titin, kuma bayan wata huɗu zan iya cewa ba a cuce mu ba. Keken ba shi da nauyi, yarinya na ɗaga shi da hannu ɗaya, giyarsa na shiga ba tare da sarƙa ta zame ba, kuma a kan kwaltar hanyar Wamakko da sassafe, kafin rana ta buɗe, tafiyarsa sai wanda ya gani.

Matsalar tana ga tayoyin. Sirara ne ƙwarai, da an sauka daga kwalta sai su nutse cikin rairayi, ƙaya kuwa ba ta yi musu da sauƙi. Sau uku muka yi faci a watan farko. Masu faci na unguwa ba su da famfon da ya dace da bakin tiyub ɗinsa, shagon ma ba ya ajiye kayan gyara isassu, har sai da muka jira mako biyu kafin sabuwar taya ta iso daga Kano. Da an faɗa mini haka tun farko, da na sayi taya biyu da famfo a ranar.

Farashin ya fi na keken gida nesa ba kusa ba, kuma mai shagon ba ya ragi sosai, sai dai ya daidaita mana sirdi da birki kyauta, ya kuma ce mu dawo da shi bayan damina ya duba sarƙar.